Tulun Tokar Isuhu

Ku matso, ku ara mani kunnuwanku, in na gama in mayar maku. Ga ta nan tafe, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce. Mai labarin kun san shi, kun sha ruwa tare da shi, waɗansunku ma su suka ɗauki makararshi yau kwana arba'in. Wanda ya ji dariya ta zo mashi ya yi abarshi, Isuhu ba ya son kuka. Wanda kuma ya ji hawaye, to, ga bakin zane.

Duk gidan da aka yi rasuwa a Madarumfa cikin shekarun nan an san irin gaisuwar Isuhu. Ya zo da jakarshi ta fata a hammata, ya durƙusa, ya shafa fatiha tare da jama'a, ya ce, "Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri." Ba a gama cewa amin ba sai ka ji ya rage murya:

"To, ina wayar?"

Wayyo, sau nawa aka kore shi! Wata rana ɗan wani mamaci ya ce mashi, "Baba, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba!" Isuhu ya ce, "Ita ƙasa ta iya jira, ɗana. Batir ba ya jira." Abin da yake so bai wuce muryar mamacin ba. Ya tafi da wayar rumfarshi, ya kwashe duk saƙon muryar da mutumin ya bari, ya zuba a ɗan katin nan ƙarami kamar farcen jinjiri, wanda ake cewa memwar. Ya naɗe katin cikin tsumma, ya ɗaure da zare, ya tura shi cikin tulu cike da toka. Waya kuma ya mayar wa masu ita, ko na gode ba ya jira.

Ni Dije, taubashiyarshi ce. Uwarshi da ubana ciki ɗaya. Ya girme ni da damina shida, amma ban taɓa ce mashi Yaya ba. Ni in ce bawan gidanmu ne, shi ya ce ni ce baiwarshi, har ya bar duniya ba a raba wannan gardama ba. Rumfarshi na gindin itacen bedin bakin kasuwa, inda ya yi shekara da shekaru yana gyaran rediyo kafin wayoyi su zo. Ni kuma kaskon suyar kifina na gefenshi. Tokar tulun nan duk daga murhuna ta fito. Kullum da hantsi sai ya miƙo ƙoƙo: "Baiwa, zakkar toka." In ce, "Bawa ba ya karɓar zakka daga uwargijiyarshi." Ya ce, "To ba ni sadaka." In ba shi.

Ba na karatu, ko alif ban sani ba, amma kunnena ya yi lakwal, wato makarantar boko, a gindin bedin nan. Can majalisar masu son na'ura take zama bayan la'asar. Akwai Mushe Habu, mushe yadda muke ce wa malamin lakwal, mai koyar da kimiyya a kwaleji, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai. Akwai Rabi'u mai kafa wa mutane wutar sola, wanda ya yi karatu a Maradi ya dawo yana jin duniya a aljihunshi take. Su biyun nan da Isuhu, kullum kamar zakaru uku a akurki ɗaya.

Ranar da Mushe Habu ya fara ganin tulun, sai da ya cire madubin idonshi ya goge.

"Baba Isuhu, me kati yake yi cikin toka?"

"Abin da wake yake yi cikinta. Ba ku ne kuka ce akwai cuta mai shiga waya ta cinye abin da ke ciki ba? Kakata da toka take ajiye wake, ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba."

"Haba, Baba! Wannan cutar ba mai ƙafa ba ce. Mutane ke rubuta ta, ta intanet take bi. Toka ba ruwanta da ita."

"To, tsaya. Cikin katunan da na binne, akwai wanda ta ci?"

"Ina za ta ci, tunda ba su cikin waya, ba su haɗe da komai?"

Isuhu ya mayar da murfin tulu a hankali, ya ce, "Ka ga aikin toka ke nan."

Mushe Habu ya mayar da madubinshi. Ni kuwa dariya ta sa kifi biyu suka ƙone mani.

Maganarshi ta kullum, kun san ta: "Wa ya gani?" Ka zo mashi da labari daga waya, ko da na mutuwar sarki ne, sai ya ɗago kai daga abin da yake kwancewa ya ce, "Wa ya gani?" Ka ce an turo maka. Ya ce, "An turo ba sunan mutum ba ne. Ɗan wane gida ne An Turo?"

Lokacin da aka fara zancen dokar da ta hana yaɗa ƙarya ta waya, majalisa ta kwana bakwai a kan maganar. Rabi'u ya rantse dokar banza ce. Ya ce intanet fili ne na Allah, ba ta da sarki, ba ta da iyaka, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Mushe Habu ya ce doka na da amfani, amma yana tsoron a kama mai gaskiya da ita a bar maƙaryaci. Isuhu ya ce, "Ku duka kun yi gaskiya rabi-rabi, kamar ƙwarya da aka fasa. Kasuwa ma ba ta da ƙofa, amma tana da sarkin kasuwa. Kuma sarkin kasuwa wani lokaci yakan ci zalin mai tallar gishiri. Ni dai abin da na sani, wanda bai ɗauko ba, ba a kama shi da kaya."

Ba a yi wata biyu ba sai ga wata murya ta zagaye wayoyin gari ranar kasuwa, wai ɓarayin daji sun taso daga iyaka sun doso mu. Ku da kuka ga ranar, kun tuna. Mata suka watse, masu amalanken jaki daga Safo suka juya da hatsinsu, wata tsohuwa ta karye a hannu wurin gudu. Ni kaskona ya kife, mai ya bi ƙasa. Isuhu kaɗai bai motsa ba, yana zaune yana hura wata rediyo. Na ce, "Bawa, tashi, za a kashe ka!" Ya ce, "Wa ya gani?"

Ashe ba kowa. Da aka bi sawun muryar, sai aka tarar ta wayar Rabi'u ta shiga gari, shi ma wani ya turo mashi, ya tura wa mutum talatin. Jandarma suka aiko mashi da takardar kira. Da safe Rabi'u ya fito fuska kamar an shafa toka, sai ga Isuhu a ƙofar gida da tabarma da buta.

"Baba, na mene ne?"

"Guzuri. Ko da za su riƙe ka a filin Allah mai ƙofar ƙarfe."

Ya raka shi har can. Kumandan ya tambayi Isuhu, a matsayinshi na dattijo, ko yaron nan maƙaryaci ne. Isuhu ya ce, "Ranka ya daɗe, bai iya ƙarya ba. Jakinta ne dai. Wani ya ɗora mashi, ya kai ta gida talatin, ko dusa ba a ba shi ba." Kumandan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja wa Rabi'u kunne, ya sa shi ya je ya ba tsohuwar nan haƙuri, aka sake shi. A hanyar dawowa Isuhu ya sa shi ya ɗauko tabarmar da butar. Ya ce jaki ba ya komawa gida wofi.

To, nan dariya za ta fara ja baya, ku yi haƙuri da ni.

Kun san ɗana Lawali. Shi kaɗai Allah ya bar mani namiji. Ya tafi arewa, can bayan Agadas, wurin haƙar zinariya, ya bar matarshi da ciki wata huɗu. Duk Juma'a yakan hau wani tudu inda ake samun rezo, waya ta kama, ya aiko mani da murya. Ni ban iya taɓa waya ba, sai in kai wa Isuhu ya danna mani in ji. Wata Juma'a murya ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Ta uku sai abokin tafiyarshi ya kira ya ce rami ya rufta. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. A ranar ne kaɗai na ga an kawo wa Isuhu labari ta waya bai ce wa ya gani ba. Ya dai cire hularshi ya riƙe.

Da ya zo mani gaisuwa, ya shafa fatiha, bai tambayi waya ba. Ni na miƙa mashi wayar da kaina.

Rabi'u ya ce ba sai an wahala da kati ba. Ya ce ya ajiye mani muryoyin a wani babban rumbu na masu intanet, can ƙasar waje, inda wuta ba ta ci, ruwa ba ya ci. Isuhu ya ce, "Rumbun da ban ga jinkarshi ba, ban san mai makullinshi ba? A zuba hatsin Dije a rumbun wani, ranar yunwa a je ana sallama?" Ya yi katinshi ya binne. Bayan shekara biyu wayata ta faɗa tafki ina sayen kifi a bakin kwalekwale. Aka je buɗe rumbun Rabi'u, aka ce sai da lambar sirri. Rabi'u ya manta ta. Aka ce za a aiko da wata ta layin wayar, layin kuma yana ƙarƙashin ruwa, da aka je neman shi an riga an ba wani. Ranar Isuhu ya miƙo ƙoƙo kawai, ya ce, "Baiwa, yau a cika shi."

Tun daga nan, duk duniya wuri ɗaya muryar Lawali ta rage, cikin tulun nan. In kewa ta dame ni, Isuhu ya tono katin, ya hure shi, ya sa a wayarshi, in ji, ya mayar.

Matar Lawali ta haifi ɗiya mace, aka sa mata Zuwaira. Ga ta nan jingine da ni. Ta tashi tana tambaya, "Inna, babana ya san sunana?" Me zan ce mata?

Bara, bayan girbi, Mushe Habu ya zo majalisa da wata sabuwar na'ura cikin wayarshi, wadda ake tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Isuhu ya ce a tambaye ta yaushe ruwan shuka zai sauka a Safo. Ta yi ta zuba, ta ce mai yiwuwa kaza, amma kuma ya danganta da kaza. Isuhu ya ce, "Kai, wannan ta iya magana! A tsayar da ita takara." Aka yi dariya. Sai Rabi'u ya juyo wurina ya ce, "Inna Dije, akwai wadda ta fi wannan. In aka ba ta muryar mutum ta saurara, sai ta kwaikwaye shi, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata, ba mai rarrabewa. In Baba ya ba ni katin Lawali, gobe Zuwaira za ta ji babanta ya kira sunanta."

Jama'a, ban ɓoye maku ba, raina ya biya. Na ajiye matsami na ce, "Isuhu, tono mani katina."

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ɗana ne ko naka?"

Ya ce, "Naki ne. Shi ya sa ba zan bari a sa mashi magana a baki ba. Lawali ya faɗi abin da Allah ya ƙaddara mashi ya faɗa, ya rufe baki. Yau a sa shi ya ce Zuwaira. Gobe a sa shi ya ce ya yafe wa wane, jibi a sa shi ya ce gonar gabas ta wane ce. In yarinyar nan ta girma ta ce babana ya kira ni, wa ya ji?"

Mushe Habu ya sa baki a hankali, ya ce gaskiya ko masana na jayayya a kan wannan, kuma bai san wata doka da ta fayyace wa ke da ikon muryar mamaci ba. Isuhu ya ce, "Dokar na nan. Sunanta amana."

Ni kuwa idona ya rufe. Na ce mashi, "Kai da ba ka taɓa haihuwa ba, ina za ka san abin da ke cikin uwa? Ka tara muryoyin 'ya'yan mutane a tulu don gidanka shiru ne."

Isuhu ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ɗauki wata rediyo da ba ta lalace ba ya fara kwance ta.

Washegari da hantsi ya miƙo ƙoƙo. Na ɗebo ruwa na kwarara a murhu, tokar ta zama caɓi. Ya mayar da ƙoƙonshi. Daga ranar ya koma roƙon toka wurin mai waina ta ƙetaren hanya, ya riƙa cewa da ƙarfi don in ji, "Wannan tokar ba ta da laushi, amma mai ita ba ta cizo." Wata bakwai muna zaune kafaɗa da kafaɗa, hayaƙina na shiga idonshi, rediyonshi na shiga kunnena, ba sannu ba ina kwana. Ban ƙara cewa ya kunna mani Lawali ba, don girman kai. Na ce sai ya zo ya ba ni haƙuri. Shi ma, na sani, jira yake in fara.

Zazzaɓin damina ya riga mu duka. Kwana uku Isuhu ya yi a kwance. Da na ji ya yi tsanani na dafa kunu na ɗauka, na tarar ana fitowa da tabarmi.

Bayan addu'ar bakwai, 'yan'uwa suka ce tulun nawa ne, tunda tokata ce. Muka zazzage shi a faifai gindin bedi, ni da Mushe Habu da Rabi'u. Ƙulli sittin da ɗaya muka ƙirga. Ba suna ko ɗaya! Isuhu bai iya rubutu ba, da zare yake ganewa: wannan ja da ƙulli biyu, wancan baƙi da fari, wani shuɗi da ƙulli uku. Ma'anar zaren kuwa ta tafi kabari tare da shi. Mushe Habu ya yi kwana biyu yana jera su a takarda wai zai gano tsarin, daga baya ya ajiye alƙalami ya ce, "Wallahi Baba ya kayar da ni har bayan ransa."

Ba dabara sai saurare. Kullum bayan la'asar Rabi'u ya sa kati ɗaya-ɗaya a waya, mu kasa kunne. Sai ka ji wani ya ce, "La ilaha illallahu, wannan ai Malam Sani mahauci ne!" A aika a kira iyalinshi. Wata ta ji mijinta yana faɗan an bar akuya ta ci mashi rogo, ta yi dariya, ta faɗi tana kuka. Ɗan nan da ya ce ko ƙasar kabari ba ta bushe ba, shi ma ya zo, ya karɓi katin ubanshi da hannu biyu. Kwana tara muna raba wa mutane matattunsu, nawa bai fito ba. Ƙulli sittin suka ƙare. Na fara cewa a raina ko ya jefar da shi don haushina.

Na ƙarshen shi ne wanda ya fito daga can gindin tulu. Ba zare a jikinshi. An naɗe shi da ƙyallen wani ɗankwalina mai ruwan goro, wanda ya ɓace mani shekara shida, har na zargi akuyar maƙwabta. Ɓarawon banza!

Rabi'u ya kunna. Lawali ya yi sallama, ya ce sanyi ake yi can, ya ce in ci goro kaɗan, ya ce a gaida Baba Isuhu. Duk na san su, na haddace. Da suka ƙare na miƙa hannu, sai Rabi'u ya ce, "Inna, saura ɗaya." Wannan ban taɓa jin ta ba. Ashe amsar da na taɓa aika wa Lawali ce, ita ma ya kwashe ta. Sai ga muryata ina cewa, "Ya kama? In yi magana?" Sai ga wata murya a bayana, kamar yana zaune nan:

"Yi magana mana, baiwa! Danna nan, ki riƙe. Ba da ƙarfi ba, ba tuwo kike tuƙawa ba! Lawali, ka ji uwarka, za ta fasa mani waya."

Ku tuna, mutumin nan bai taɓa yarda a ɗauki muryarshi ba. Yakan ce mai tulu ba ya shiga tulu. Duk garin nan ba wanda ke da ita. Ga ta nan ya binne da hannunshi, ko ya sani ko bai sani ba, Allah kaɗai ya sani.

Zuwaira ta ce, "Inna, wane ne wannan mai faɗa?" Na ce, "Kakanki ne. Na farkon kuma babanki. Bai san sunanki ba, ɗiyata, ya tafi kafin ki zo. Amma duk abin da kika ji, shi ya faɗa da bakinshi."

Rabi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, katin na hannunki yanzu. In har kina son wancan aikin…" Na ce, "Wa ya ji?" Ya yi murmushi, hawaye na zuba.

Ga yadda aka ƙare. Mushe Habu na nan yana koyarwa, an ce yanzu in ɗalibi ya kawo mashi labari daga waya, tambayar Isuhu yake yi mashi. Rabi'u ya gaji rumfar da jakar fata. Makon jiya na gan shi gidan rasuwa yana rage murya, aka kusa korar shi. Shi dai yana rubuta suna a jikin ƙulli, kuma lambar sirri yanzu a layar wuyanshi take. Zuwaira ta shiga lakwal bana. Mai waina ta huta da roƙo. Ni kuwa na daina suyar kifi, idona ba ya son hayaƙi, amma ina hura wuta kullum don tulu kada ya rasa toka. Kati ɗaya ne nawa a ciki, mutum biyu ke kwance a kanshi.

Labari ya ƙare, ga kunnuwanku na mayar. Saura abu ɗaya da na riƙe wata bakwai har ya wuce lokacinshi. Yaya Isuhu, ka yi gaskiya, ni na yi kuskure, ka yafe mani. Ya Allah, ka ji abin da bai ji ba, ka isar mashi. Ka sanyaya makwancinshi, ka haɗa shi da Lawali, ka riƙe shi amana yadda ya riƙe namu. Amin.